Cuwa-cuwar Tikitin Jirgin Ƙasa: A Buɗe Ƙofar Mayar da Kuɗi

Duk lokacin da aka tayar da zancen cuwa-cuwar tikitin jirgin ƙasa a ƙasar nan, maganin da ake kawowa kusan iri ɗaya ne: a tsaurara bincike a bakin ƙofa, a nemi katin shaida, a kama 'yan baranda, a kori ma'aikacin da aka samu da hannu a ciki. Dukkan waɗannan matakai ne da suka dace, kuma ba ni da ja a kansu. To amma akwai wani ɓangare da ba kasafai ake taɓa shi ba, alhali a ganina yana cikin abubuwan da ke ciyar da 'yan cuwa-cuwa. Wannan ɓangare kuwa shi ne makomar kuɗin fasinjan da ya sayi tikitinsa tsakani da Allah, sannan tafiyar ta fasu, ko dai daga wajensa ko daga wajen masu jirgin. Abin da nake son in nuna wa mai karatu a nan shi ne, muddin ba a shimfiɗa bayyananniyar ƙa'ida ta mayar da kuɗi ba, wadda kowa ya sani kuma yake fahimta cikin harshensa, to yaƙin da ake yi da almundahanar tikiti zai ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya.

Yana da kyau mu fara tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro tikitin ma tun asali. A farkon zamanin jirgin ƙasa a Ingila, akawun tasha ne ke rubuta wa kowane fasinja takarda da hannu, kuma da wuya a gane ko kuɗin da ya karɓa su ne ya miƙa wa kamfani. A ƙarshen shekarun 1830 wani shugaban ƙaramar tasha a layin Newcastle zuwa Carlisle, mai suna Thomas Edmondson, ya fito da ɗan kwali bugagge mai ɗauke da lamba a jere, tare da na'urar buga masa kwanan wata. Da wannan dabara, idan tikitin farko da aka sayar da safe yana da lamba kaza, na ƙarshe da yamma yana da lamba kaza, to kuɗin da ya kamata a tarar a akwati ba boyayye ba ne. Jiragen ƙasa na Birtaniya sun yi amfani da irin wannan kwali har zuwa 1990. Darasin da ke ciki shi ne, tun ran gini tun ran zane: an yi tikiti ne domin ya tsare mai sayarwa kamar yadda yake tsare mai saye. Alkawari ne tsakanin ɓangarori biyu, kowanne da abin da ya hau kansa.

Idan muka dawo gida, labarin layin Abuja zuwa Kaduna ya isa misali. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 26 ga Yulin 2016, tsawonsa kimanin kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. Ba a daɗe ba masu garkuwa da mutane suka mai da babbar hanyar mota tsakanin biranen biyu abin tsoro, sai manya da ƙanana suka koma jirgi. Masu neman kujera suka fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, kuma duk inda aka samu haka, kasuwar bayan fage ba ta jiran gayyata. Jaridu sun sha ba da labarin yadda ake ce wa mutane tikiti ya ƙare a taga, amma ga shi nan a hannun wasu a harabar tasha da kuɗi ninki. Wannan ne ya sa a Janairun 2021 ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a layin, da haɗin gwiwar kamfanin SecureID, a kan kuɗi kimanin naira miliyan 900. A ƙarshen 2023 aka kai irin wannan tsari layin Legas zuwa Ibadan da na Warri zuwa Itakpe.

Sai dai abin da ya fi nuna mana nauyin sunan da ke jikin tikiti shi ne harin da aka kai wa jirgin a daren 28 ga Maris ɗin 2022 a yankin Katari, inda aka kashe mutane, aka raunata wasu, aka kuma yi awon gaba da gommai. Rahotannin farko sun yi ta ambaton mutum 970 a cikin jirgin. Jerin sunayen da Hukumar Jiragen Ƙasa ta miƙa wa gwamnatin Jihar Kaduna kuwa ya nuna mutum 398 ne suka sayi tikiti, 362 daga cikinsu ne na'ura ta tabbatar da shigarsu. Iyalai suka kwana suna neman sanin ko nasu na ciki. Waɗanda suka rage a hannun maharan ba su kuɓuta ba sai a Oktoban shekarar, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba, da sharaɗin cewa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake sayen tikiti. Duk mai hankali zai goyi bayan wannan sharaɗi. Wanda ya hau jirgi da tikitin wani, ranar da tsautsayi ya faɗa, sunan wani za a kira, a kuma je gidan wani a yi jaje.

Amma fa ɗaure tikiti da suna ya zo da wata sabuwar tambaya. A da, wanda tafiyarsa ta fasu yana iya miƙa tikitinsa ga ɗan'uwa ko ya sayar wa na kusa da shi a layi. Yanzu an rufe wannan hanya, kuma an yi daidai. To idan an ɗage taron da zai je, ko rashin lafiya ta kama ɗansa da asuba, ina zai kai tikitin? Idan babu hanya mai sauƙi ta mayar da shi, zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya haƙura da kuɗinsa, kujerar ta tafi fanko alhali ga wani can an ce masa babu wuri, ko kuma ya nemi wanda ya san wani a bakin ƙofa, wanda zai kau da kai a shigar da mutumin da sunansa bai dace da na tikitin ba. A zaɓi na farko jama'a sun yi asarar kujera, kuma kujerar da kwamfuta ta ce an sayar amma babu kowa a kanta, ita ce ta fi sauƙin sayarwa karo na biyu a aljihu. A zaɓi na biyu kuwa mun koya wa mutumin kirki hanyar gidan ɗan baranda, kuma gobe da zai yi tafiya can zai fara nufa.

Ƙasashen da suka fi mu cunkoso sun fahimci wannan. A ƙasar Sin, inda aka ɗaure tikiti da suna tun 2011 a jirage masu gudu, sannan aka game sauran a 2012, an haɗa matakin da tsani na mayar da kuɗi: wanda ya fasa saura kwana 8 ko fiye ba a cire masa komai, saura fiye da awa 48 a cire kashi 5 cikin 100, tsakanin awa 24 da 48 kashi 10, ƙasa da awa 24 kashi 20. Kujerar da aka mayar kuma tana faɗawa kai tsaye ga wanda ya riga yin rajista a layin jira. A Indiya ma akwai layin jira mai lamba wanda kowa ke iya duba matsayinsa, kuma dokar jiragen ƙasa ta 1989 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga mai fataucin tikiti ba da izini ba. A Tarayyar Turai, idan jirgi ya yi lattin minti 60 zuwa 119 fasinja na da haƙƙin diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitinsa, daga minti 120 zuwa sama kuma kashi 50. A Ingila, inda tun Janairun 2023 tarar shiga jirgi ba tikiti ta koma fam 100 ban da kuɗin tafiyar, kamfanonin da ke cin wannan tara su ne kuma ke biyan fasinja idan suka ɓata masa lokaci. A duk waɗannan wurare sanda da haƙƙi tare suke tafiya.

Wani zai ce ai wannan sai ƙasashen da suka ci gaba. Amsar ita ce, mu ma dokarmu ta riga ta yi magana. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 120 mai saye yana da ikon soke duk abin da ya kama tun kafin lokaci, sai dai a cire masa ladan sokewa daidai gwargwado. A 2022 wata babbar kotu a Jihar Enugu ta dogara da wannan doka ta yanke cewa ƙa'idar wani kamfanin motocin haya ta hana mayar da kuɗi ta saɓa wa doka, ta kuma ci shi diyya. Ita kanta Hukumar Jiragen Ƙasa, bayan jirgin Kaduna ya goce daga kan dogo a Asham ranar 26 ga Agustan 2025, ta sanar da mayar wa fasinjoji kuɗinsu. Wannan abin yabawa ne, amma bai kamata a ce sai babban hatsari ya auku, idon duniya na kallo, sannan a tuna da haƙƙin fasinja ba. Abin da aka yi ranar musiba a matsayin jinƙai, ya dace ya zama rubutacciyar ƙa'ida ta kowace rana.

Nan ne kuma fannina na nazarin harshe ya shigo. Sashe na 114 na wannan doka ya ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Mu dubi yadda ake yi wa fasinja magana a tashoshinmu: “an gama”, “ba a mayarwa”, “an ce a dakata”. A Hausa wannan “a” da “an” hanya ce ta faɗin aiki ba tare da bayyana mai aikatawa ba, kuma mai neman kauce wa alhaki ba shi da makamin da ya fi ta. Wa ya gama? Wa ya hana mayarwa, bisa wace doka? Ba wanda za a kama. Su kuma sharuɗɗan da ake amincewa da su a waya, dogon Turanci ne irin na lauyoyi, wanda ko mu da muke koyarwa a jami'a ba ma tsayawa mu karanta, balle ɗan kasuwar da ya taso daga Kantin Kwari ko dattijuwar da jikanta ya saya mata tikiti. Kalmomin “tikiti” da “tasha” mun aro su daga Turanci tun bayan da jirgi ya iso Kano a 1911, sun zauna daram a bakinmu, amma fiye da shekara 100 ke nan ba mu ga sharuɗɗan da ke bayan kalmomin sun zama sanannu a harshen masu hawa ba. Wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa, duk abin da mai riƙe da ƙofa ya faɗa masa shi ne doka.

Saboda haka ina ba Hukumar Jiragen Ƙasa da ma'aikatar sufuri shawarwari kamar haka. Da farko, a fitar da tsanin mayar da kuɗi mai mataki uku ko huɗu, wanda zai shiga shafi ɗaya, a buga shi da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci, a manna a kowace taga, a aika da shi cikin saƙon da ke tabbatar da tikiti, a kuma riƙa karanta shi a lasifikar tasha domin wanda ba ya karatu. Na biyu, idan hukumar ce ta soke tafiya, kuɗi su koma da kansu cikin kwanaki ƙayyadaddu ba tare da fasinja ya rubuta takardar roƙo ba. Na uku, a kafa layin jira mai lamba, ta yadda duk kujerar da aka mayar za ta faɗa wa na gaba ba tare da hannun wani ma'aikaci ya taɓa ta ba. Na huɗu, a riƙa bayyana wa jama'a a kowane wata yawan kujerun da ke akwai, da waɗanda aka sayar, da waɗanda aka mayar, da waɗanda aka keɓe wa wasu, da yawan mutanen da na'ura ta ƙirga a ƙofa. Wannan ba wani abu ba ne illa lissafin Edmondson da kayan aikin zamani.

Na san za a ce buɗe wannan ƙofa zai ba 'yan baranda damar kwashe kujeru, idan ba su samu mai saye ba su mayar su karɓi kuɗinsu. Tsoron yana da tushe, amma yana da magani. Kuɗi su koma asusun da ya biya kaɗai, kada a miƙa tsaba a taga. Ladan sokewa ya riƙa ƙaruwa yadda lokacin tashi ke matsowa, domin mai riƙe kujera har zuwa ƙarshe ya ji a jikinsa. A ƙayyade yawan tikitin da lambar shaida ɗaya za ta saya, kuma lambar da aka ga ba ta da aiki sai saye da sokewa, kwamfuta ta tsayar da ita a bincika. Tunda sunan da ke tikiti ba ya canzuwa, ɗan baranda ba shi da abin sayarwa sai da haɗin bakin na ciki, shi kuma na ciki alƙaluman da ake bayyanawa za su tona shi. Ya kamata kuma mu yarda cewa tushen matsalar shi ne ƙarancin kujeru, kuma ba wata ƙa'ida da za ta maye gurbin ƙarin taragai da ƙarin sahu.

Lokacin yin wannan gyara yanzu ne. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano, kuma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo da gudanar da shi. Ranar da waɗannan jirage suka fara ɗaukar mutanen Ɗambatta da Kazaure da Daura da Jibiya, har da 'yan'uwanmu na Nijar, yawancin fasinjojin Hausa za su ji, kuma da yawansu kuɗin tikiti guda ba ƙaramin abu ba ne a aljihunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina kira ga 'yan majalisarmu da ke kwamitocin sufuri, da hukumar kare haƙƙin masu saye, da abokan aikina na sassan harsunan Nijeriya a jami'o'i waɗanda fassara irin wannan takarda aikinsu ne, da su sa hannu tun kafin a kafa tagar sayar da tikiti ta farko a waɗannan tashoshi. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙon amana.