Baƙon Da Ya Kori Mai Gida

A shekara ta 1821 ƙasar Meksiko ta sami 'yancin kanta daga hannun Sifen. Lardinta na arewa, wato Teksas, makeken fili ne, amma mutane kaɗan ne a ciki. Sai gwamnati ta buɗe wa Turawan Amurka ƙofa. Wani mai suna Stephen Austin ya kawo iyali 300, aka ba kowane gida mai kiwo fiye da eka 4,000, bisa sharaɗin su zama 'yan ƙasa, su kuma bi ɗarikar Katolika.

Baƙin suka yi ta kwararowa tare da bayinsu domin noman auduga, har suka fi masu ƙasar yawa nesa ba kusa ba. A 1829 Meksiko ta haramta bauta, a 1830 kuma ta hana sababbin baƙi shigowa daga Amurka. Da Shugaba Santa Anna ya tattara mulki duka a hannunsa, sai yaƙi ya ɓarke a 1835.

Ba Turawa kaɗai suka yi tawayen ba. Akwai Juan Seguin, haifaffen garin San Antoniyo, wanda mahaifinsa ne ya tarbi Austin da farko. Yana cikin ganuwar Alamo sa'ad da aka kewaye ta a 1836, amma ya tsira domin an aike shi neman gudummawa. Ya kuma yi yaƙi a San Jasinto, inda aka kama Santa Anna. Daga baya ya zama magajin garinsu.

To, ina ladansa? Sababbin zuwa suka sa ido a kan gonakin mutanensa. Da ya tsaya musu, suka ce shi maci amana ne, suka nemi ransa. A 1842 ya gudu Meksiko, can ma aka tilasta shi shiga soja. Bayan yaƙin 1846 zuwa 1848 Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Seguin ya mutu a 1890 a hayin kogin iyaka, sai a 1976 aka sake binne shi da girma a Teksas.

Mai karatu, ka tuna da Nabot da sarki Ahab. Allah yana ganin wanda ya matsar da iyakar maƙwabcinsa, ko ta ƙasa ce ko ta gona. In an ba ka masauki, ka riƙe amana. Mu koya wa 'ya'yanmu haka tun suna ƙanana.