Ganin gida daga Faransa: abin da sababbin ma'aurata da iyayensu ya kamata su sani kafin hutun farko

A ƙasar Hausa amarya ba ta daɗewa a ɗakinta ba a kai ta ganin gida ba. In gari ɗaya ne, tafiyar yini guda ce: ta gaida iyaye, ta zaga dangi, da magariba a maida ta. Amma yarinyar da aka ɗaura wa aure a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, mijinta kuma yana aiki a Faransa, ganin gidanta kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya tabbata. Idan ya zo, a cikin ƴan makonnin hutun maigida ake cusa shi, tare da gaisuwar surukai, ta'aziyyar waɗanda suka rasu, barkar haihuwa da rabon tsaraba.

Mutanen gida suna kallon wannan zuwa a matsayin hutu. Ga ma'auratan kuwa, shi ne karo na farko da za su tsaya gaban dangi biyu a matsayin gida guda. Abubuwa uku ne ke gyara tafiyar ko su ɓata ta, wato takardu da kwanaki da kuɗi, kuma duka ukun tun kafin a shiga jirgi ake daidaita su.

Yadda amarya ke isa can

Ɗan Nijar da ke zaune a Faransa ba ya ɗaukar matarsa ya tafi da ita washegarin biki. Doka ta tanadi tsarin haɗa iyali, wanda ofishin OFII ke karɓar dosiyensa. Sai mijin ya yi aƙalla wata 18 a ƙasar da takardun zama na halal, ya nuna cewa abin da ya samu a wata 12 da suka gabata ya kai mafi ƙarancin albashi, kuma yana da ɗakin da ya kai murabba'in mita 22 zuwa 28 na mutum biyu, gwargwadon yankin da yake. Dole matar ta cika shekara 18, auren kuma ya kasance da takarda daga mairi, domin ɗaurin aure a masallaci kawai ba ya wadatarwa. Mace ɗaya ake yarda a kawo. Perefe na da wata shida na ba da amsa, bayan nan a shiga neman biza.

Shi ya sa amarya kan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, a gidan iyayenta ko na surukai tana jira. Ranar da ta isa, sai ta tarar da rayuwar da ba ta saba ba. Ta taso a gida mai tsakar gida cike da jama'a, yanzu tana ɗaki a bene, miji ya fita da asuba, maƙwabta ba su shigowa, da hunturu rana na faɗuwa tun ƙarfe biyar. Kewar da ta taru a waɗannan watanni ce ke sa ta ɗora dukan fatanta a kan hutun farko. Mijin da ya fahimci haka ba zai ɗauki ɗokinta a matsayin ƙin zama da shi ba.

Takardu: fita ba wuya, komawa ce aiki

Galibi amarya kan shiga Faransa da biza mai tsawon shekara ɗaya wadda ke zaman katin zama. Wajibi ne a tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da isowa. Sabuntawa kuma ana nemanta ne tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin wa'adin ya cika. Nan ne ake yawan yin tuntuɓe, domin hutun farko kan faɗo daidai lokacin da takardar shekarar farko ke gab da ƙarewa.

Akwai bambanci tsakanin resepise iri biyu. Wadda aka bayar don sabunta kati, idan an haɗa ta da tsohon katin da paspo mai aiki, tana ba da damar komawa muddin wa'adinta bai wuce ba. Wadda aka bayar a buƙatar farko kuwa ba ta ba da wannan dama. Wanda ya fita da ita, ko takardarsa ta mutu yana Nijar, sai ya nemi bizar komawa. Da can a Yamai ake yin haka. Amma ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai ya rufe tun farkon watan Janairun 2024, don haka sai an tsallaka wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki da jiran da ba a san ƙarshensa ba.

Saboda haka idan uwa ta ce wa surukinta ya bar mata ɗiyarta ta ƙara wata ɗaya ko biyu, abin da ya fara dacewa a duba shi ne ranar da ke rubuce a kan kati. Ƙarin mako biyu na iya zama rabuwar wata shida tsakanin mata da miji.

Kwanakin da hanya ke ci

Ma'aikaci a Faransa yana da hutun mako biyar a shekara, kuma a ƙa'ida mako huɗu ne iyakar abin da ake ɗauka a jere, sai dai in an yi wata yarjejeniya da mai aiki. Yawancin mutane a watan Yuli da Agusta suke samun nasu, lokacin da tikiti ya fi tsada. Masu son yin Sallar Layya a gida kuma suna da wata matsalar: Sallah na matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 ta faɗo tsakiyar Yuni, a 2025 farkon Yuni, a 2026 ƙarshen Mayu. Ta fita ke nan daga lokacin babban hutu, sai wanda ya nemi izini tun da wuri.

Jirgin Air France da ke tasowa daga Paris kai tsaye zuwa Yamai ya daina zuwa tun watan Agustan 2023. Yanzu sai a yada zango a Kasablanka ko Istambul ko Adis Ababa ko Lome, tafiyar da kan cinye yini da dare. Sauka a filin jirgin Diori Hamani kuma ba isowa gida ba ce. Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, zuwa Maraɗi kusan 660, zuwa Damagaram kusan 900, ta Doso da Dogon Dutsi da Konni. Motar da ta tashi da asuba sai dare take shiga Damagaram.

Idan aka cire kwana biyu na jirgi, biyu na mota, da kwana ɗaya ko biyu a Yamai a kowane ɓangare, hutun mako uku ya koma kusan mako biyu. Wannan mako biyun ne dangi biyu za su raba.

A gidan wa za a sauka?

A al'ada gidan miji ake fara sauka, domin can ne gidan auren. Amarya za ta durƙusa ta gaida Baba da Inna, ta yi kunyar da aka san suruka da ita, ta shiga madafa ko da ta kwana a hanya. Dangin miji da yawa ba su taɓa zama da ita ba, saboda haka ido na kanta: yadda take gaisuwa, irin suturarta, ko Turai ta canza ta. A ɗaya gefen kuma mahaifiyarta, wadda ta yi shekara tana jin muryarta a WhatsApp kawai, tana ƙirga kwanaki.

Rikici kan taso ne idan ba a yi maganar rabon kwanaki ba sai da aka iso. Miji na jin nauyin ce wa mahaifiyarsa matarsa za ta tafi gidansu, matar na jin nauyin tambaya, har hutu ya kusa ƙarewa ta samu kwana biyu kawai, ta koma Faransa da abin a ranta. Ma'auratan da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka zauna tun a can suka tsara: kwana kaza a gidan miji, kwana kaza a gidan iyayen mata, musamman in garuruwan ba ɗaya ba ne. Daga nan mijin da kansa ya sanar da iyayensa ta waya kafin a taso, kada maganar ta fito daga bakin amarya. Ya kamata shi ma ya raka ta, ya gaida surukansa yadda ya dace, maimakon ya saka ta mota ita kaɗai.

Akwai kuma abin da ake faɗa da wanda ake riƙewa. Dangi za su tambayi amarya yadda zaman yake, wasu su duba ko akwai labarin ciki. Ƙananan saɓani na shekarar farko, idan aka zube su gaban iyaye a mako biyu, ma'auratan za su shirya a jirgi amma iyaye su ci gaba da riƙe abin. Duka ko cin zarafi kuwa ba sirrin aure ba ne, kuma zuwa gida dama ce ta sanar da magabata.

Tsaraba da lissafin kuɗi

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, farashin da ba ya motsi. Mafi ƙarancin albashi a Faransa, bayan an cire abin da ake cirewa, ya ɗan haura Yuro 1,400 a wata, wato sama da jika 900. Wanda ya ji wannan adadi a Tasawa ko Madawa zai ce ai mai kuɗi ne. Abin da ba ya gani shi ne hayar ɗaki, wuta, ɗumama gida, kuɗin jirgin ƙasa da abinci, waɗanda ke cinye mafi yawansa kafin wata ya raba. Ga kuma ango bai gama farfaɗowa daga sadaki da kayan aure ba. A ɗauka tikiti ɗaya ya kai Yuro 800: na mutum biyu ya wuce albashin wata guda tun ba a sayi ko turare ɗaya ba.

Tsaraba haƙƙin zumunci ce, ba wanda ke son dawowa hannu rabbana. Amma akwati biyu masu kilo 23 da yawancin kamfanoni ke yarda da su ba za su ishi dangi biyu ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce a rubuta sunaye tun da wuri, a fara da iyaye da kakanni na ɓangarorin biyu daidai wa daida, sauran kuma a saya masu shadda ko atamfa ko buhun shinkafa a kasuwar gida, inda ya fi araha kuma ba kuɗin kilo. A ware kuɗin buƙatun da za su taso, a amince cewa in sun ƙare sun ƙare. Cin bashi a banki don a burge mutane na mako biyu yana nufin shekara guda ta ƙunci a ɗakin aure, kuma yana ɗaga abin da za a sa rai da shi a zuwa na gaba. Duk wanda zai fita ko shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye, dole ya bayyana wa duwan.

Sauro, ciki da wankan jego

Hutun Yuli da Agusta na haɗuwa da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙaruwa. Kariyar da jiki ke samu daga yawan cizo tana raguwa idan mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar, don haka cewa "ai a nan aka haife ni" ba magani ba ne. A ga likita kafin tafiya don maganin rigakafi, a kwana cikin sange, kuma duk zazzaɓin da ya taso bayan an koma a gaya wa likita daga inda aka fito. Katin rigakafin shawara wajibi ne wajen shiga Nijar, allura ɗaya kuma ta isa har ƙarshen rayuwa.

Ga mai ciki abin ya fi haɗari, kuma yawancin kamfanonin jirgi ba su ɗaukar mace bayan mako 36. Iyaye kan so ta zauna ta haihu a gida ta yi wankan jego na kwana arba'in, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Sai dai jaririn da aka haifa a Nijar yana buƙatar tasa bizar kafin ya shiga Faransa, sau da yawa sai an buɗe sabon dosiye, takardar uwar kuma tana iya mutuwa ana cikin jira. Wanda aka haifa a Faransa kuwa, kafin a zo da shi ganin kakanni, sai an yi masa paspo da takardar tafiye-tafiye ta ƙananan yara da ake kira DCEM.

Guzurin komawa

Daren ƙarshe uwa kan cika akwati da abin da ta san ɗiyarta na kewa. Amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da duk abin da aka yi da madara. Kilishi, dambun nama, cuku da man shanu duwan na ƙwace su, wani lokaci har da tara. Ɗanyun ƴaƴan itace da ganyaye suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai tun Disamban 2019, amma dabino na cikin ƴan kaɗan da aka keɓe. Garin kuka da yaji ba su cikin haramcin nama da madara.

Iyayen da suka san ranar da katin ɗiyarsu zai ƙare, da adadin kwanakin da surukinsu ya samu, da abin da haya ke ci a albashinsa, sun fi sauƙin sallamar baƙinsu da addu'a ba da ƙorafi ba. Ma'auratan da suka koma ba bashi, takardunsu na aiki, kowane gida kuma ya samu rabonsa na kwanaki, su ne ke iya sake zuwa baɗi.