Hatimi mai gida 25: lissafin da malamin Katsina ya rubuta a Masar, kwamfuta ta ƙirga bayan shekara 241

A tsangayun Ƙafin Maiyaki da ƙauyukan Kiru da Bebeji, hatimi ba baƙon abu ba ne. Malam zai ja layuka a kan allo, ya fitar da gida tara, ya zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kuma duk ta inda aka tara, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Galibi ana kallon sa ta fuskar asiri da neman tsari, amma a cikinsa akwai zunzurutun lissafi.

Wanda ya fi shahara da wannan fanni a ƙasar Hausa shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi. Ya bar gida ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, inda a 1732 ya rubuta bayani da Larabci kan yadda ake gina hatimin da layukansa suke wutiri, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Ga yadda abin yake a muhammasi, mai gida 25. Idan aka tara 1 zuwa 25 za a samu 325. A raba wa layuka biyar, kowanne ya tashi da 65, ba ƙari ba ragi.

To, ta hanya nawa za a iya jera lambobin nan su ba da 65 ta ko'ina? A mai gida tara hanya ɗaya ce tak, sauran duk juya ta ake yi. A mai gida 16 hanyoyi 880 ne. Amma a muhammasi sai lissafin ya yi tsalle zuwa 275,305,224. Ba a san wannan adadi ba sai a 1973, lokacin da Richard Schroeppel na Amurka ya ƙirga shi da kwamfuta.

Lambar ba wutiri ba ce, domin tana rabuwa biyu daidai. Tana kuma rabuwa da 8, tunda 224 na ƙarshenta takwas ne sau 28. Alƙalumanta idan aka tara su 30 ne, don haka 3 na raba ta, 9 kuwa ba ya iyawa. Da malami zai riƙa zana hatimi ɗaya kowane minti, ba barci ba cin abinci, zai haura shekara 520 bai gama ba.

Abin takaici, ɗalibi a Tudun Wada ko Doguwa zai iya gama sakandare yana fargabar lissafi, yana ganin kayan Turawa ne, bai taɓa jin sunan al-Katsinawi ba. Sai ga shi Claudia Zaslavsky, malamar lissafi a Amurka, ta yi bayanin aikinsa a littafinta Africa Counts tun 1973.

Mai gida 36 kuwa, adadin hanyoyinsa alƙaluma 20 ne a jere.