Shirin Musamman: Damina Biyar, Rumbu Biyu

 

Duk damina, in aka kwana ana ruwa, da safe za ka tarar da dattawa a gindin bishiya sun kasa kunne ga rediyo, suna jiran a karanto milimita: gari kaza ya samu kaza, gari kaza ya samu kaza. Sau da dama na ji an karanta ruwan Birnin Ƙonni, sai wani manomi da ƙauyensa bai wuce tafiyar awa ɗaya a kan jaki ba ya girgiza kai ya ce, "Mu ko ɗigo ba mu gani ba." Manomin nan gaskiya ya faɗa, rediyon ma gaskiya ta faɗa.

Abin ya daɗe yana damuna, har na ci karo da wani aiki da aka yi a farkon shekarun 1990. Masu bincike na Faransa da na Nijar sun dasa ma'aunan ruwan sama wajen 100 a yankin da ke kewaye da Yamai, aikin da aka kira EPSAT-Niger. Ma'auni 100, jama'a, a yanki ɗaya, ƙarƙashin hadari ɗaya! Da damina ta wuce suka tattara littattafan, sai suka tarar ƙauyuka biyu da 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsu suna iya shan bamban ƙwarai a ruwan da suka samu. Abin da manomi ya sani tun kaka da kakanni, sai ga shi a takarda.

To, a nan darasinmu na yau yake. Ana cewa Ƙonni tana samun ruwa wajen milimita 500 a shekara. Wannan shi ne matsakaici, abin da ɗalibanmu na lise ke kira mwayan: a tara na shekaru da yawa a raba daidai. Amma a cikin tulin shekarun nan akwai 1973, akwai 1984, shekarar da har yau tsofaffi ke ambata da sanyin murya. In aka raba daidai, yunwar shekarun nan sai ta ɓace cikin lissafi. Shi ya sa masana ƙididdiga ba sa tsayawa a matsakaici. Suna ƙara tambaya: yaya lambobin suka warwatsu a kewayensa?

Bari mu yi misali, misali ne kawai na ƙirƙira don a gane. Mai takarda ya ɗauko, marar takarda ya share ƙasa ya ɗauki tsinke.

Manoma biyu, damina biyar. Na farko ya ɗaure damin hatsi 48, 50, 52, 49, 51. Na biyu ya ɗaure 20, 80, 50, 30, 70. Zan maimaita na biyun: 20, 80, 50, 30, 70. Ku tara na kowa, za ku samu 250. Ku raba gida biyar, kowa ya tashi da 50. A takarda gonakin nan daidai suke. To amma ina tambayar uwargida da ke saurare tana surfe: a wane gida kike so ki yi tukunya? Kin san amsa. A gida na biyu akwai shekarar dami 20, shekarar da ake sayar da akuya tun kafin bazara ta raba, samari su kama hanyar Sakkwato ko Legas cin rani.

Awo na farko, mafi sauƙi, shi ne tazara: a cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma. Gida na farko, 52 a cire 48, saura 4. Gida na biyu, 80 a cire 20, saura 60. Kun ji bambanci, 4 da 60. Sai dai tazara lambobi biyu kawai take kallo, na sama da na ƙasa. Shekara ɗaya ta fara ko ta ambaliya ta isa ta kumbura ta, ko da sauran shekarun lafiya lau suke.

Don haka aka nemi awon da zai saurari kowace shekara. A tambayi kowace damina: da nawa kika kauce wa 50? A gida na biyu, ta farko ta gaza da 30, ta biyu ta haura da 30, ta uku daidai, ta huɗu ta gaza da 20, ta biyar ta haura da 20. Ga inda ɗalibai ke yin tuntuɓe: in ka tara su yadda suke, ƙari ya cinye ragi, sai ka tashi da sifili. Kullum sifili, ko wace irin gona ce. Dabarar ita ce a ninka kowace kaucewa da kanta. 30 sau 30, 900. Wani 900 kuma. 20 sau 20, 400, wani 400 kuma. Jimla 2,600. A raba biyar, 520. Wannan lamba ita ake kira bariyans. Amma 520 na mene ne? Ba dami ba ne, tunda mun ninka dami da dami. Sai a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 520, wato kusan 23. Wannan 23 ɗin ita ce ekar-tip, ma'aunin kaucewa. A gida na farko kuwa, in kun bi hanyar, ba ta kai dami ɗaya da rabi ba.

Dami 23 a gida ɗaya, ƙasa da ɗaya da rabi a ɗayan. Matsakaici kuma 50 ne duka biyun.

Tarihin a gurguje: Karl Pearson na Ingila ne ya raɗa wa ma'aunin kaucewa sunan da ya bi shi, a 1893, Ronald Fisher kuma ya kawo kalmar bariyans a 1918. Abin da ya burge ni da Fisher shi ne a 1919 tashar binciken noma ta Rothamsted ta ɗauke shi aiki, aka tara masa littattafan amfanin gona na shekaru masu yawa. A bakin gona wannan ilimi ya yi ƙarfi.

Mu ma a nan, in kun duba, rabin wahalarmu yaƙi ne da wannan 23 ɗin. Rumbu ba ya ƙara wa gona ko zangarniya ɗaya. Aikinsa ya ɗebi na shekarar 80 ya kai wa shekarar 20. Madatsun ruwa na Mozage da Zongo a kan kogin Majiya, waɗanda ke shayar da filin noman rani na Ƙonni mai fiye da hekta 2,000, su ma aikinsu ke nan, su riƙe ruwan Agusta har zuwa rani. Manomin albasa na Galmi da ke jera albasarsa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya san buhu yana faɗuwa warwas lokacin cira, ya yi tsada bayan watanni. Shi tazarar farashin yake nema ya ci, ya kuma san ruɓa za ta ɗauki nata kason. A masana'antar siminti ta Malbaza kuwa, buhu kilo 50 ake so ya zama kilo 50. In wani ya fito 47 wani 53, matsakaici ya cika, amma magini ɗaya an cuce shi.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, saura biyu a taƙaice. In akwai lamba ɗaya da ta yi fice ƙwarai, kamar attajiri ɗaya cikin talakawa 20, a jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, a ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na sama da na ƙasa, a auna tazarar rabin da ke tsakiya. Sannan ɗalibai, musamman na jami'ar Tawa: in shekaru biyar ɗin nan samfuri ne kawai daga shekaru masu yawa, da 4 ake rabawa, ba da 5 ba. 2,600 a raba 4 ya ba da 650, kaucewar ta tashi dami 25 da rabi. Ku gwada a na'urar lissafi.