3.2 Asalin Kalmomin Ciniki da Mulki a Bakin Iyakar Jibiya

A wannan sashe za a duba kalmomin da ake amfani da su a Mazanya da sauran garuruwan bakin iyakar Jibiya, domin a gano asalinsu. Masana ilimin harsuna sun bambanta kalmomin gado da kalmomin aro. Kalmomin gado su ne waɗanda harshe ya gada daga tushensa, su kuwa na aro cuɗanya ce ke kawo su. Saboda haka, samun kalma ɗaya a harsuna biyu ba hujja ba ce ta cewa 'yan gida ɗaya ne.

Misalin haka ya fito fili a tsakanin Rashanci da harsunan Turkawa, waɗanda ba su haɗa tushe ba. Tatar sun mallaki ƙasashen Rasha tun daga wajen 1240 har zuwa 1480, suna karɓar haraji. A sanadin haka Rashanci ya ari kalmar kuɗi, wato "dengi". Haka kuma sunan gidan kwastan, "tamojniya", daga "tamga" ya fito, wato hatimin da ake buga wa kaya. Ke nan ciniki da mulki su ne manyan ƙofofin aro.

Idan aka dawo Jibiya, za a tarar da mutanen da ke ɓangarori biyu na iyakar Katsinawa ne, domin sarakunan Haɓe da jihadi ya fitar daga Katsina a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Maraɗi. Ingila da Faransa ne suka tsaga ƙasar, aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Wannan ya sa kalmomin aro na yankin suka kasu kashi biyu.

Kashi na farko shi ne na tsofaffin kalmomi da suka girmi iyakar, waɗanda mutumin Mazanya da na Ɗan Isa suke faɗa iri ɗaya. Daga Buzanci aka sami "raƙumi", "ayari", "takobi" da "takarda", ta hanyar fataucin Azbin. Kalmar "kasuwa" kuwa tushenta Larabci ne, "suƙ", amma ta bakin Barebari ta biyo, inda ta zama "kasugu" kafin ta iso Hausa. Greenberg ya nuna a 1960 cewa "karatu" da "rubutu" ma ta Barno suka shigo.

Kashi na biyu shi ne na zamanin Turawa, kuma a nan ne aka rabu. Alal misali:

Nijeriya: kwastan, fetur, tebur, ofis
Nijar: duwan, isansi, tabur, biro

Na sama daga Ingilishi suke, na ƙasa daga Faransanci. Abin lura shi ne, "duwan" ɗin ma Faransanci aro ya yi daga Larabci, "diwan", shi kuma Larabci daga Farisanci. Wato kalmar ta ratsa harsuna uku kafin ta sauka a kan hanyar Maraɗi. Haka nan, kowace kalma sai da ta bi ƙa'idar furucin Hausa, kamar yadda aka saka wasali a tsakanin baƙaƙe a "tebur" da "tabur".

Mai sayar da mai a bakin iyaka yakan ce "fetur" ga ɗan Katsina, ya juya ya ce "isansi" ga Bamaraɗe, ba tare da ya ji ya sauya harshe ba. Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa iyakar ba ta raba Hausa gida biyu ba, sunayen baƙin abubuwa da na hukuma kawai ta bambanta. Duk mai nazarin karin harshen wannan yanki wajibi ne ya ware waɗannan kashi biyu, don kada ya ɗauki bambancin mulkin mallaka a matsayin bambancin karin harshe.