Abin Da Ke Sa 'Ya'yan Inabi Su Tsumbure

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, sau da yawa mukan buɗe kwalin inabi mu tarar nono ɗaya ya haɗa manyan 'ya'ya ƙalilan da ƙanana birjik kamar wake. Irin wannan ba ya nauyi a sikeli, mai saye kuma sai ya karya masa kuɗi. To, ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne ƙarancin wani sinadari a cikin ƙasa, sunansa boron.

Tun 1923 wata masaniya a Ingila, Katherine Warington, ta tabbatar shuka ba ta rayuwa sai da shi, ko da yake ɗan kaɗan take bukata. A kurangar inabi babban aikinsa lokacin fure ne. In babu shi, garin fure ba ya isa cikin furen ya yi barbara. Daga nan sai fure ya kakkaɓe, ko kuwa ɗan ya fito ƙarami ba ƙwaya a ciki, ya ɗan baje kamar ƙaramin tumatir. Ka ga ke nan hasara ta riga ta auku tun kafin kaya su iso kasuwa.

An fi samun wannan a jigawa, inda ruwan sama ke wanke ƙasa, da kuma lokacin fari, don saiwa ba ta jan boron daga busasshiyar ƙasa.

Saboda haka duk wanda zai ba da kafin alƙalami a gonar inabi, kamar masu zuwa Kudan ta Jihar Kaduna, ya taka da ƙafarsa ya duba. Alamun su ne: kan toho ya bushe, gaɓoɓin reshe su gajarce su kumbura, sabon ganye ya yi ɗorawa tsakanin jijiyoyi. Amma fa a lura, ba kowane ƙaramin ɗa ne na boron ba. Ƙarancin sinadarin zinki ma yakan kawo haka, sai dai nasa 'ya'yan kan tsaya kore da tauri. Akwai kuma irin da asalinsa ba shi da ƙwaya. Awon ganye shi ke raba gardama.

Maganin ba shi da tsada. Garin boraks, wanda boron ɗin cikinsa wajen kashi 11 ne cikin 100, ana zuba shi a ƙasa, ko a fesa irin mai narkewa a ganye kafin fure ya buɗe. Bayan 'ya'ya sun ɗaure ba ya gyara nonon bana. Kuma kada a cika hannu, don in ya yi yawa guba ne, gefen ganye yake ƙonawa. Malamin gona shi zai faɗi awo.

Shawararmu ga dillali, tambayi manomi ko ya yi feshi kafin fure, sa'an nan a yanke kuɗi. Allah ya ba da kasuwa.