Terrace House: Gidan da Aka Ce Babu Rubutaccen Labari

A shekarar 2012 gidan talabijin na Fuji da ke ƙasar Japan ya fara nuna wani shiri mai suna Terrace House. Tsarinsa ba shi da wuyar bayani. Ana ɗauko matasa shida da ba su san juna ba, maza uku mata uku, a ba su gida mai kyau da mota, a kafa kyamarori, a bar su su zauna tare. Babu gasa, babu kyautar kuɗi, babu ƙuri'ar korar kowa. Mai aiki ya fita aikinsa da safe, ɗalibi ya tafi makaranta, da dare a haɗu a teburin cin abinci. Wanda ya gaji ya yi sallama ya kwashe kayansa, a kawo wani a madadinsa. Da Netflix ya shigo cikin harkar a 2015, shirin ya tsallaka ƙasashen duniya, aka yi zango a Tokyo, aka yi a Hawaii, aka yi a garin Karuizawa, sannan aka dawo Tokyo a 2019. A farkon kowane kashi ana tunatar da mai kallo cewa gida da mota kawai aka tanada, ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba.

Wanda ya saba da Big Brother Naija zai yi mamakin yadda wannan shiri ya samu masoya, domin ana iya shafe kashi guda ba a yi komai ba sai dafa abinci da tattauna wanda bai wanke kwanonsa ba. Amma wannan natsuwa ita ce jarinsa, kuma a ganina ita ce haɗarinsa. A Big Brother kowa ya san kuɗi ake nema, don haka idan ɗan takara ya yi wani abin ashsha, mai kallo na iya cewa dabarar wasa ce. A Terrace House an cire wannan uzuri. Tun da ba a neman komai, mai kallo ya gamsu cewa abin da yake gani ainihin halin mutum ne. Alhali sa'o'i masu yawa ake ɗauka a tace su zuwa kimanin minti arba'in, kuma akwai wanda ke zaɓar wace harara za a nuna, wane ban haƙuri za a yanke. Bayan haka akwai masu sharhi a situdiyo, cikinsu har da fitattun 'yan barkwanci irin su Ryota Yamasato, waɗanda ake dakatar da labarin domin su yi raha a kan mazauna gidan, su ce wane mayaudari ne, wance ta cika son kai. Kafin mai kallo ya yanke hukunci, an riga an nuna masa hanyar yankewa.

Zangon Tokyo na 2019 zuwa 2020 ne ya fito da abin fili. Cikin mazauna gidan akwai Hana Kimura, 'yar kokawar zamani a kamfanin Stardom, wadda mahaifiyarta Kyoko Kimura ma tsohuwar 'yar kokawa ce. Tana da wasu kayan kokawa da take ji da su, waɗanda ta saka a babban filin Tokyo Dome ranar 4 ga Janairu 2020. Ta bar su a injin wanki, wani abokin zama ya zuba nasa kayan a kai ya wanke, ya sa a injin busarwa, kayan suka tsuke suka lalace. Ranta ya ɓaci, ta yi masa faɗa a gaban sauran, ta fizge hular da ke kansa ta yar. Iyakar abin da ya faru ke nan, irin rigimar da ake yi a gidan haya a kan igiyar shanya, a kwana biyu a manta. An saki kashin a Netflix ranar 31 ga Maris 2020, daidai lokacin da annobar korona ta fara tsare mutane a gida. Daga nan saƙonnin zagi suka yi ta kwarara a shafukanta, wasu na cewa ta bar shirin, wasu na yi mata fatan mutuwa. Ranar 23 ga Mayu 2020 ta kashe kanta tana da shekara 22, kuma cikin 'yan kwanaki Fuji ya soke ragowar zangon.

Bayanin da ya fi sauƙi shi ne laifin masu zagi ne, kuma gwamnatin Japan ta bi wannan hanya. Mutum biyu da aka gano cikin masu zagin an ci su tarar yen 9,000 kowanne, kuɗin da bai kai dala ɗari ba, abin da ya fusata jama'a. A watan Yunin 2022 majalisar dokoki ta ƙara hukuncin cin mutunci zuwa ɗaurin da bai wuce shekara guda ba ko tarar da ba ta wuce yen 300,000 ba, maimakon tsarewar ƙasa da kwana 30 ko tarar ƙasa da yen 10,000 da ake yi a da. Ba na musun laifin masu zagi. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗannan mutane ba su taɓa zama da Hana ba, ba su san ta ba sai ta hanyar mintocin da aka zaɓa aka ba su. Sun yi jifa, amma wani ne ya tsayar da ita a fili ya haska ta. Abin da ya fi nauyi shi ne tsakanin ƙarshen Maris da mutuwarta akwai makonni bakwai, kuma ma'aikatan shirin sun san halin damuwar da ta shiga bayan fitowar farko. Duk da haka a watan Mayu aka saki ƙarin bidiyo a YouTube a kan rigimar kayan, aka kuma nuna kashin a tashar Fuji ga masu kallo na cikin gida. Wannan shawara ba masu zagi suka yanke ta ba.

Za a ce ai da ƙafarta ta shiga, babba ce mai hankali, ta sa hannu a takarda. Gaskiya ne. Amma yarda tana da ma'ana ne idan mutum ya san abin da ya yarda da shi. Mai shiga irin wannan gida ya amince a ɗauke shi, amma ba shi da ta cewa a ɗakin tacewa, kuma takardar da mahalarta suka sa wa hannu ta wajabta musu bin tsarin masu shiri. Fita ma ba ta warware komai, domin abin da aka ɗauka ya riga ya zama mallakar kamfani, zai fito ko kana gidan ko ba ka nan. Wasu kuma sun ce 'yar kokawa ce, ta saba a yi mata ihu. Wannan hujja, idan aka duba, ƙarfafa maganata take yi. A dandalin kokawa 'yan kallo sun san rawa ake takawa, mugun da suke yi wa ihu zai cire kayansa ya koma gida. Terrace House kuwa ya sayar da kansa a kan cewa babu rawa, don haka zagin bai tsaya a kan wata sura ta dandali ba, kanta ya faɗa kai tsaye, a wayar da ke hannunta dare da rana.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce babu wanda zai iya rantsuwa cewa abu guda ne ke kai mutum ga hallaka kansa, kuma hukumar da ta binciki lamarin ba ta kama Fuji da take haƙƙin ɗan Adam ba. Kyoko Kimura ta yi zargin cewa ma'aikata sun zuga 'yarta ta mari abokin zaman, ta ƙi, ta tsaya a kan hula. Binciken cikin gida na Fuji ya musanta cewa an tilasta wa kowa. A watan Maris 2021 hukumar sa ido kan ɗa'ar watsa shirye-shirye ta Japan, wadda ake kira BPO, ta ce ba za a iya cewa an take haƙƙinta ba. Amma hukumar ba ta tsaya nan ba, ta ƙara da cewa akwai matsala ta fuskar ɗa'a, domin ba a kula da lafiyar ƙwaƙwalwarta yadda ya kamata ba kafin a yanke shawarar nuna kashin a talabijin. Ba sai an tabbatar da zuga ba kafin a ga nauyin da ke kan kamfani. Ko da kowace kalma daga bakinta ta fito, wanda ya zaɓi ya maida faɗan minti kaɗan ya zama kanun kashi, ya ga abin da ya biyo baya, ya sake nunawa, shi ke riƙe da makunnin.

Kada a ɗauka wannan ya tsaya ga Japan. Tun da MTV ya fara The Real World a birnin New York a 1992, da baƙi bakwai a gida ɗaya, tsarin ya dogara ne a kan saɓanin mutanen da aka zaɓo domin su bambanta. Abin da ya canza shi ne a wancan lokacin mai jin haushi sai dai ya yi tsaki a falonsa ko ya rubuta wa tasha wasiƙa. Mazauna Terrace House kuwa suna riƙe da wayoyinsu, suna kallon kansu a talabijin tun suna cikin gidan, suna karanta abin da ake faɗa a kansu, kuma yawan surutun a Twitter talla ce kyauta ga shirin. Dokar 2022 ta shafi mai rubuta zagin kaɗai, ba ta ɗora wa masu shirya irin waɗannan shirye-shirye wani wajibi ba. A watan Disamban 2022 Kyoko Kimura ta shigar da ƙarar Fuji da kamfanonin da suka shirya shirin a kotun Tokyo, tana neman diyyar sama da yen miliyan 140, bisa hujjar cewa sun gaza kare lafiyar wadda suka ɗauka aiki a gaban kyamara.